Kwana Biyar a Kasuwar Masu Ƙera Wasannin Bidiyo

Masu karatu, wasannin bidiyon nan da yara ke bugawa a waya, waɗanda iyaye da dama ke kira shiririta, suna da kasuwarsu da dillalansu da attajiransu, har da leburorinsu. Babban taron masu wannan sana'a shi ne wanda aka sani da GDC, a birnin San Faransisko na jahar Kaliforniya, can yammacin Amurka, bakin tekun Pasifik. Ni ɗalibi ne mai koyon zane, na kuwa halarci taron shekara ta 2024, daga ranar 18 zuwa 22 ga watan Maris, riƙe da kundin zane-zanena, ina neman wanda zai ɗauke ni aiki.

Asalin taron ƙanƙane ne. Cikin shekara ta 1988 wani mai tsara wasanni, Chris Crawford, ya tara abokan sana'arsa a falon gidansa, ba su ko kai mutum 30 ba. A 2024 kuwa wajen mutum 30,000 ne suka hallara a Moscone Center, wasu manyan gine-gine uku da aka raɗa wa sunan magajin garin da aka kashe a 1978. Wasu zaurukan a ƙarƙashin ƙasa suke, mutum na iya yini a ciki bai ga rana ba. A shekarar 2024, takardar shiga ko'ina kuɗinta ya haura dalar Amurka 2,000, wato fiye da miliyan ɗaya na sefa. Ɗalibi ba ya iyawa, sai dai ya nemi shiga cikin ƴan sa-kai, masu tsaron ƙofa da nuna wa baƙi hanya, a biya su da takardar shiga. Ta wannan ƙofa na shiga.

Garin kansa a kan tuddai yake, hazo na rufe shi da safe, iskar teku mai sanyi na ratsa riga da maraice. Har yanzu tsofaffin taragun da igiyar ƙarfe ke ja suna hawa da gangara da fasinja. Tsadar masauki ta sa mu ɗalibai huɗu muka haɗa kuɗi muka kama ɗaki guda. Tsakanin masaukin da wurin taro akwai unguwar Tenderloin, inda marasa gida ke kwana a bakin titi, ga kuwa benayen manyan kamfanoni suna kallonsu. Kowace safiya sai mun ratsa ta.

Abin da ke kai mai zane wannan wuri shi ne a duba masa kundinsa. Za ka bi layi, in aka zo kanka ka zauna gaban wani gwani, ya ba ka mintoci kaɗan. Matar da ta duba nawa ba ta tsaya yabon launi ba. Tambayarta ita ce: awa nawa wannan hoto ya ci maka? Ina bayan wannan jarumi, ina gefensa? In ya ɗaga hannu, yaya rigar za ta motsa? Dalili kuwa shi ne, a wannan sana'a zane ba abin ratayewa a bango ba ne. Mai zane ya fitar da siffa, wani ya gina ta a kwamfuta ta yadda za a iya juya ta ta kowace fuska, wani ya sa mata motsi, wani ya rubuta umurnin da zai sa ta bi hannun mai wasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hoton da na gaba ba zai iya aiki da shi ba, kome kyansa, asara ce ga kamfani.

Sai dai mun zo kasuwa ranar da ta faɗi. A 2023 an sallami ma'aikata fiye da 10,000 a wannan sana'a. A watan Janairu na 2024 kamfanin Microsoft ya ba da sanarwar sallamar 1,900, Unity 1,800, sannan a Fabrairu Sony ya ƙara 900. Don haka a layi ɗaya muka tsaya da mutanen da suka shekara goma suna aiki, kundinsu cike da wasannin da duniya ta sani. A lambun Yerba Buena, daura da wurin taron, wasu ma'aikata suka taru suka ƙwala ihu gaba ɗaya don nuna takaicinsu. Ga kuma fargabar na'urorin nan masu fitar da hoto cikin ƙiftawar ido, waɗanda aka horar da zanen mutane barkatai. Duk inda masu zane biyu suka zauna, zancen ke nan.

Daren ba da kyaututtuka ne ya ɗan kwantar mini da hankali. Wasan shekara shi ne Baldur's Gate 3 na kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam, aikin ɗaruruwan mutane. Amma babbar kyautar ƙananan masu ƙira, Venba ne ya ɗauke ta, wasan da ƴan mutane ƙalilan suka yi a Toronto. Labarin wata mata ce ƴar ƙabilar Tamil da ta bar Indiya zuwa Kanada, tana ƙoƙarin gyara littafin girkin uwarta da ya lalace, ɗanta kuma yana nisanta da harshen gida. Babu bindiga, babu dodo, sai tukunya da tururi da kewar gida. Wanda ya tsara labarin ya san irinsa tun daga gidan iyayensa, abin da kuwa ba a saye a kanti.

Na bar San Faransisko ba takardar ɗaukar aiki, sai katunan suna cike da aljihu da alƙawarin mutum biyu cewa in aiko musu sabon aiki su duba. Ɗan kasuwa ya san darajar wannan, don ciniki yakan biyo bayan sabo ne. Ga uban da ɗansa ya nace wa zane, abin da na gano shi ne: sana'a ce ta gaske, mai kuɗi, mai kuma haɗari. Yaron na bukatar hannu mai sauri, da haƙurin aiki da mutane, da idon da ya lura da gidansu da kyau. Allah ya sa mu dace.