Kyamara Ɗaya, Aiki Biyu

Duk mai ɗaukar hoton biki a Kano ya san zamanin raba aiki ya wuce. A da mai hoto daban, mai bidiyo daban, kowa da jakarsa da yaransa. Yanzu uwar amarya za ta kira ka ta ce, "Malam, hotunan albam muke so, sannan a haɗa mana da ɗan bidiyon da yara za su saka a Instagram," alhali kuɗin mutum ɗaya ta ware. Wannan ne ya kai ni ga kyamara marar madubi, kuma abin da na koya a kanta da gumina na saye shi.

A tsohuwar DSLR akwai madubi a gaban sensa, shi ke tura haske zuwa inda kake ɗora ido. Da zarar ka kunna bidiyo sai madubin ya ɗage, wurin leƙen ya yi duhu. Marar madubi kuwa sensarta a buɗe take koyaushe, abin da kake gani shi zai fito, hoto ne ko bidiyo. Panasonic ta fara da Lumix G1 a 2008, Sony ta kawo a7 mai babbar sensa a 2013, sai a 2018 Canon da Nikon suka shigo da EOS R da Z6 da Z7. Yau kusan kowace sabuwa tana ɗaukar 4K, saboda haka rubutun jikin kwali ba ya ƙara raba maka gardama.

Zafi ne ya fara koya mini karatu. Wata walimar saukar Alƙur'ani ce a watan Afrilu, a ƙarƙashin rumfa, rana tana tsaka. Yarinyar da ke sauka ta riƙe allo ta fara ƙira'a, mahaifinta na gefe yana share ido da bakin rawani, ni kuma ina ɗauka a 4K. Sai wata 'yar alama mai ruwan ɗorawa ta bayyana a gefen allon kyamarar, kafin yarinyar ta kai aya ta ƙarshe kyamara ta ɗauke. Na taɓa bayanta, zafi rau. Ba a cewa mai sauka ta maimaita don mai hoto. Da mahaifin ya zo karɓar aiki ya ce, "Ba komai, Malam, Allah Ya sa haka ya fi alheri," maganar ta fi mini ciwo fiye da a ce faɗa ya yi. Tun daga ranar, tambayata ta farko ga kowace kyamara ita ce: minti nawa za ta jure tana ɗauka a ranar da zafi ya haura digiri 40?

Masu ƙera su sun san da matsalar. Panasonic ta saka fanka a cikin S1H a 2019, Sony ta yi haka a FX3 a 2021 da FX30 a 2022. Amma FX3 da FX30 ba su da wurin leƙe na ido, kuma wanda ya taɓa ɗaukar hoton hawan Sallah da allo kaɗai a tsakar rana ya san wahalarsa. Ga mai aiki biyu, irin Lumix S5 II ta 2023, mai fanka da wurin leƙe, ko dangin Sony a7 daga a7 III zuwa gaba, sun fi kama hankali.

Inda na fi so mai farawa ya natsu shi ne gilashin kyamara. Sayen kyamara tamkar aure ne, ba ita kaɗai ka ɗauko ba har da danginta, domin kowane kamfani da bakin ɗaurin gilashinsa. Gangar jiki takan tsufa cikin 'yan shekaru, gilashi mai kyau kuwa sai ya ga bayan kyamarori da dama. Bakin E na Sony yana da yalwa saboda Tamron da Sigma suna yi masa gilasai masu sauƙin kuɗi, irin Tamron 28-75mm f/2.8 da ya fito a 2018. Wanda kuma ya tara gilasan Canon EF tun zamanin 5D, adafta kawai zai saya ya ɗora su a kan bakin RF na Canon marar madubi, su ci gaba da aiki lafiya lau.

Ni dai zum mai f/2.8 ne abincina. Ɗakin amarya ƙarami ne, ga gado, ga kabad, ga ƙawaye sun cika shi, babu inda za ka ja da baya. A nan 24mm ko 28mm ne ke fitar da kai kunya. In an zo ɗaukar lalle a tafin hannu, ko fuska a ƙarƙashin mayafi, sai in ɗauko 85mm f/1.8, baya ya narke, zanen lallen ya tsaya cak. A lura, idan sensar ƙarama ce irin APS-C, ana ninka tsawon gilashi da kusan 1.5, wato 50mm zai zame maka kamar 75mm, ɗakin ya ƙara matse ka. Gilashin da ya yi wa hoto kyau kuma ba lallai ya dace da bidiyo ba. Wani injin fokos ɗinsa yana ƙara, makirfo ya kwashe. Wani kuma in fokos ya tashi daga ango zuwa amarya sai gefen hoton ya riƙa shiga yana fita kamar mai numfashi. Ba a gane wannan sai an gwada.

Ga kuma hunturu. Tunda babu madubi, kana cire gilashi sensa tana fuskantar iska. Ɗigon ƙura ɗaya a hoto, danna ɗaya ke goge shi a kwamfuta. A bidiyo yana nan a kan kowane firem, 25 a kowace daƙiƙa, yana bin farar shaddar ango duk inda ya juya. Shi ya sa daga Disamba zuwa Fabrairu ba na sauya gilashi a fili, sai a cikin mota, bakin kyamara na kallon ƙasa.

Wutarmu 50Hz ce, don haka firem 25 da shota 1/50 nake ɗauka, in ba haka ba fitilun zauren dina su riƙa ƙyaftawa a cikin bidiyon. Wannan shotar a waje da rana tana shigo da haske fiye da kima, dole sai da filtar ND a bakin gilashi. Kyamarar da ba ta da ramin makirfo da na iyafis ba na ko kallonta, domin mutane sukan yafe hoto mai ɗan duhu, amma ba sa yafe huɗubar ɗaurin aure da ba a ji. Haka ramin memori biyu, ɗaya na kwafar ɗaya. Batir kuwa marar madubi tana shan sa fiye da DSLR, sai da na ajiya a aljihu.

Yawancinmu na hannu muke saya, ni ma haka. In na je shago nakan ce, "Alhaji, a yi mini haƙuri in zauna da ita." Sai in saka memorina, in kunna 4K in bar ta tana ɗauka rabin sa'a, ina taɓa bayanta. In ta jure, in rufe gilashi zuwa f/16 in ɗauki farin bango, in buɗe hoton sosai in duba ƙura da tabo. Daga nan in sa yaron shago ya tako daga bakin ƙofa zuwa gabana, in ga ko fokos zai riƙe idonsa har ya iso. Sai bayan wannan muke fara ciniki.