Tafinta ba ya kallon fim

Mai karatu, ka san duk fim ɗin da zai shiga kasuwar Kano sai ya bi ta Hukumar Tace Finafinai, wadda aka kafa a 2001. To amma takardar hukuma ba ta taɓa mayar da labarin banza ya zama mai ma'ana ba. Ashe ita ma kwamfuta ta na da irin wannan mai tacewa, wanda na ke kira tafinta: manhajar da ke juya rubutun mutum zuwa yaren na'ura.

Ɗan yayata da ke zaune da mu a Mahuta, nan kusa da matatar mai ta Kaduna, shi ya haɗa ni da shi. An ba su aiki da yaren C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Amurka wajen 1972: su sa kwamfuta ta jefa dayis ɗin lido biyu sau 1,000, ta ƙirga abin da ya fito. Jibi za a karɓa, kuma makin na cikin jarrabawa.

"Kawu, kuskure goma sha ɗaya fa!" in ji shi, kamar zai yi kuka.

Ɗan abin da na tsinta lokacin difloma ya ce a fara da na sama, a ƙyale sauran. Tafinta ya na ƙorafi kan layi na 12, alhali waƙafi mai ruwa ne ya ɓace a ƙarshen na 11. Sai da ya taka gaba ya gane an bar wani abu. Aka sa, aka rufe wata baka da ya bari a buɗe, tara su ka tafi. Sauran biyun, bai gabatar da stdlib.h ba, inda aka bayyana rand. Kamar jarumi ne ya faɗo fim ba a san ɗan waye ba.

Tafinta ya yi shiru. Yaro ya miƙe zai yi rawa.

Sai ga dayis ya na ba da sifili! Ragowar rabawa da 6 daga 0 zuwa 5 ta ke, sai an ƙara 1. Wanda ya fi ba ni dariya kuwa, duk kunnawa lambobi iri ɗaya ke fitowa, tamkar finafinanmu na auren dole: ka ga ɗaya, ka ga ɗari. Kwamfuta ba ta san sa'a ba. Lissafi ta ke bi daga wata lamba ta farko, wato iri, in ba ka ba ta ba sai ta ɗauki 1 kullum. Aka sa srand ta ɗebo irin daga agogo, mai ƙirga daƙiƙoƙi tun 1 ga Janairu, 1970.

Duk waɗannan biyun tafinta bai ce uffan ba, don nahawu kaɗai ya ke dubawa. Alƙalin gaskiya lissafi ne: cikin hanyoyi 36 da dayis biyu ke faɗuwa, 6 ne ke ba da bakwai, don haka a jifa 1,000 ya kamata ta fito wajen sau 167. Mu ka kunna sau uku, kowanne da lambarsa daban, kuma duk su na kewayen nan.