Kyaututtuka Biyu na 2016

A Oktoban 2016 mun yi ta tura wa juna saƙon murna: Abubakar Adam Ibrahim ya ci kyautar adabi ta NLNG, dala 100,000, da littafinsa Season of Crimson Blossoms. Labarin Hajiya Binta, bazawara mai shekara 55 da ta faɗa soyayya da ɗan daba, namu ne tsaf, amma da Turanci aka rubuta shi. Sa'o'inta na unguwanninmu sai dai mu gutsura musu da baki, mu tsallake wuraren kunya. Wanda ya shiga kunnensu kai tsaye a shekarar shi ne "Sansani" na Aisha Muhammad Sabitu, zakarar gasar Hikayata ta farko, da aka karanta a BBC Hausa.