Dokin Mushe

A gidan rediyo kunne ne jarinmu, shi ya sa abin da na fi riƙewa game da 'ya'yan darar Mushe shi ne ƙararsu. Idan ya ɗaga ɗa ya dire a kan allo, wani sauti ne mai nauyi da taushi ke fita, kamar an ajiye ƙwaryar fura a kan tabarma. Darar da nake nufi ita ce ta Turawa, wadda mu a Nijar muke ce wa eshek, 'yan'uwanmu na Najeriya kuma ces. Mushe ne ya koya mini ita a zaurensa a Damagaram, tun ina ɗan lakkol. Wani Bature da suka koyar tare ne ya bar masa ita da zai koma gida.

Bara na je gaishe shi na tarar da abu biyu sun canza. Idonsa ya yi rauni, yana bambance fari da baƙi amma siffa ta ɓace masa, don haka da yatsu yake gane 'ya'yan. Sannan baƙin doki ɗaya ya ɓata, wai wani jikansa ne ya fita da shi. A gurbinsa ya aza murfin kwalbar lemo. Abin ya tsaya mini a rai. Ina komawa Yamai na shiga intanet, na zaɓi wadda ta fi kyau a hoto, mai ruwan zinariya da na azurfa, sarki da alkyabba, dakaru riƙe da masu. Na biya abin da ya girgiza albashina, na jira makonni, na kai masa da hannuna ina jiran yabo.

Ya zazzage su a kan allo ya shiga shafawa ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauki sarki ya ce sarauniya ce. Ya ɗauki giwa ya ce soja ne. Iskar hunturu ta shigo zauren ta kwantar da uku, suka yi ƙaras-ƙaras kamar busassun gyaɗa, don cikinsu fanko ne. Ya mayar da su kwali a hankali ya ce, “Allah ya yi maka albarka, ɗana. Amma waɗannan na kallo ne. Miƙo mini murfina.”

Kunyar da na ji ranar ce ta sa na zauna na karanta tarihin abin, har na yi shiri a kansa. Ashe matsalar da Mushe ya gano da yatsunsa tsohuwa ce. A farkon ƙarni na 19 'ya'yan dara a Turai dogaye ne sirara, sun sha ado, suna yawan faɗuwa, kuma kowace ƙasa da irin nata, har baƙo kan rasa gane abin da ke gabansa. A 1849 kamfanin Jaques na Landan ya fito da wani sabon fasali, wanda Nathaniel Cooke ya yi wa rajista, aka laƙaba masa sunan Howard Staunton, gwanin dara na Ingila a lokacin. Dabararsu mai sauƙi ce. Gindi ya zama mai faɗi, a ɗura masa darma don ya zauna daram, a manna masa ƙyalle mai laushi a ƙasa. Kowane ɗa kuma a ba shi kai na daban: sarki da kambi, hasumiya da haƙora, giwa da tsaga a ka, doki da kan doki. Har yau wannan fasali ne hukumar dara ta duniya, FIDE, ta amince da shi a gasa, inda tsayin sarki yake kusan santimita 9.5. Darar Mushe irin wannan ce.

Yawancin na katako masu kyau da ake sayarwa yanzu daga birnin Amritsar na Indiya suke fitowa. Sarki da sarauniya da dakaru duk a kan injin juya katako ake fitar da su. Doki kaɗai ne injin ba ya iyawa, sai mutum ya zauna ya sassaƙa kunne da geza da hanci da hannu. Shi ya sa masu sanin abin, idan za su yi wa dara kuɗi, doki suke fara dubawa.

Kayan aikin ma sun sauya, kuma wani sauyin alheri ne. An hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe a 1989. A 2017 yarjejeniyar CITES ta tsaurara cinikin jan katakon nan da ake ce wa rozwud. Baƙin icen eboni, wanda ɗan'uwan kanyarmu ne, ya yi tsada, sai masu sana'a suka koma rina farin katako ya zama baƙi. Roba kuma ta sa dara ta yi arha. Ba ni da faɗa da roba. Na ga yara suna buga dara da 'ya'yan roba a kan allon leda da ake naɗewa, kuma da sai an jira eboni da ba su taɓa koyonta ba. Ɗan roba da aka yi wa gindi mai faɗi da kai bayyananne yana aikinsa.

Abin da ya dame ni shi ne wanda ake yi wa aikin ya canza. Da, mai sassaƙa yana tunanin hannun da zai ɗauki ɗan sau dubu. Yanzu da yawa suna tunanin hoton da zai tsayar da yatsan mai saye a kan waya. Nauyi ba ya fita a hoto, zama daram ba ya fita, kuma darma tana ƙara kuɗin aikowa, sai a cire ta a ƙara fenti. Ba zan ɗora musu laifin su kaɗai ba, tunda ni ne na ga ƙyalli na biya. Ga shi kuwa na girma ina kallon dattawa suna buga tamu darar a ƙasa, gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, wannan da kara wancan da tsakuwa. Ba wanda ya taɓa neman su yi kyau. Abin da ake nema kawai kowa ya gane nasa, kuma iska kada ta kwashe.

Daga ƙarshe na karɓi baƙin dokin da ya rage na kai wa wani tsohon masassaƙi mai yin turmi da allon karatu. Ya juya shi a tafinsa, ya auna nauyinsa, ya kifa shi da yatsa ya ga ya ƙi faɗuwa. Bai tambaye ni kuɗi ba tukuna, sai ya ce, “Yaro, mai shi yana gani?” Na ce kaɗan, Baba. Ya ce to kunnuwa za a ɗaga, don yatsa ya same su da wuri. Ya faɗa mini gaskiya cewa a kwanakin da zai ɓata a kan wannan ɗan abu zai iya fitar da turame da dama, kuma 'ya'yansa ba wanda ya tsaya koyon aikin hannu mai ƙanƙanta haka, don ba mai biyan lokacin. Na biya abin da ya yanka ban nemi ragi ba.

Da icen ƙirya ya yi shi. Na farko ya tsage, na biyu ya ce bai gamsu da wuyansa ba, na uku ya ba ni. Wani maƙeri ya narka darma ya ɗura a gindin, wani baduku ya manna masa 'yar fata a madadin ƙyalle. Idan ka jera shi da ɗan'uwansa za ka ga bambanci, domin kunnuwansa sun yi tsawo, fuskarsa kuma ta fi kauri.

Da na kai wa Mushe, ya shafa shi tun daga geza har gindi, ya ɗaga ya dire a kan allo. Sautin nan ya fito. Ya yi dariya ya ce, “Wannan ai jaki ne, amma jakin kirki.” Ya cire murfin kwalbar ya jefa aljihu, ya ce in zauna in ɗauki farare. Kafin kiran la'asar jakin nan ya ritsa sarkina da sarauniyata a lokaci guda. Ita kuwa mai ruwan zinariyar tana nan a kan kabad ɗin ɗakina a Yamai, baƙi suna yaba ta, kuma har yau ba a buga wasa ko ɗaya da ita ba.