Tabarau na Kasuwa da Hoton Tsutsar Masara

Tun da damina ta kankama a nan ƙasar Garwa, ba a rufa mako sai wani daga cikin iyayen ɗalibaina ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Malam, duba mini wannan tsutsa kafin in aika wa malamin gona." Galibin hotunan nan iri ɗaya ne. Ganyen masara ya fito tangaran, ƙasar gona ta fito, amma ita tsutsar da aka yi abin dominta ta yi dishi-dishi kamar an shafa wa gilashin mai.

Wannan magana ta kuɗi ce da abinci. Tsutsar nan da ta fito daga nahiyar Amurka, wadda aka fara gani a Afirka ta Yamma a farkon 2016, tana da alamu biyu: a kanta akwai zane kamar harafin Y da aka kifa, sannan kusa da wutsiyarta akwai baƙaƙen ɗigo huɗu da suka yi kusurwa huɗu. Tana zama a tsakiyar ganyen da bai gama buɗewa ba, inda magani zai iya samunta. Ita kuwa tsutsar kara, da zarar ta shige cikin kara, feshi ya zama asarar kuɗi. In hoto bai nuna alamun nan ba, malamin gona sai dai ya yi cinke, manomi kuma ya sayi magani a kan cinke.

To, me ke kawo dishi-dishin? Abu biyu ne. Na farko, kowace kyamara tana da iyakar kusancin da za ta iya gani, kamar dai idon dattijo da yake nesanta takarda kafin ya karanta. A wayoyi da yawa iyakar nan wajen santimita 10 ce. Maganinta shi ne maganin idon dattijon, wato tabarau. Masu sana'ar hoto suna da wani gilashi da suke ɗaurawa a bakin kyamara mai lamba +1, +2, +4 ko +10, kuma lambar nan ita ce dai wadda ke jikin tabarau na karatu da ake kasawa a kasuwa. Lissafin ma ɗan firamare zai iya: a raba mita ɗaya da lambar. Gilashin +4 zai sa kyamarar da ke hangen nesa ta ga abin da ke santimita 25, na +10 kuma santimita 10. In an haɗa biyu lambobin tarawa ake yi, +2 da +4 su ba da +6. Wayar da ke gani a santimita 10 tamkar tana da +10 ne na kanta, saboda haka in ka kara mata tabarau +3 ka samu 13, ka matso ke nan zuwa ƙasa da santimita 8. Ribar kaɗan ce, amma riba ce. Gilashin da masu gyaran agogo ke amfani da shi ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Abu na biyu shi ne wanda mutane ba su sani ba, kuma tabarau ba ya maganinsa. Kyamara ba ta ganin komai da komai garau a lokaci guda. Akwai wani yanki, daga nan zuwa can, wanda duk abin da ya faɗa cikinsa zai fito sosai, na gabansa da na bayansa kuma su dushe. Ni ina ce masa zurfin gani. A hoton biki zurfin nan mitoci ne, shi ya sa amarya da 'yan rakiyarta duk suke fitowa. Amma kana matsowa yana tsukewa, kuma da sauri. A babbar kyamara irin ta sutudiyo, in aka kusanto har girman tsutsa a cikin kyamarar ya yi daidai da girmanta na zahiri, ƙofar haske tana kan lamba 8, zurfin bai fi milimita 1 ba. Tsutsar da ta ƙosa kuwa takan kai santimita 3 zuwa 4. Wanda ya ɗauke ta ta fuska zai samu kai ya rasa wutsiya, kuma numfashinsa kaɗai ya isa ya fitar da ita daga cikin zurfin.

Mai babbar kyamara yakan tsuke ƙofar haske, kamar yadda muke ƙanƙance ido in muna son ganin rubutun allo daga baya. Daga 8 zuwa 16 zurfin ya ninka, amma hasken da ke shiga ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, sai hannu ya yi rawa hoton ya ɓaci. Yawancin wayoyi ba su da wannan dama ma, ƙofarsu a ɗaure take.

Abin da na fi gamsuwa da shi, wanda kuma nake koya wa yara 'yan ajin ƙarshe, shi ne ja da baya. In ka ninka tazarar da ke tsakaninka da tsutsar, zurfin zai ƙaru ninki uku zuwa huɗu, daga baya sai ka buɗa hoton da yatsu. Abin takaici ne a ce darasin gilashi da haske muna zana shi da alli kawai, alhali tabarau ɗaya na kasuwa ya ishi aji guda su gani da idonsu.

Saura sharuɗɗan aiki. A ciro tsutsar a ɗora ta kan farar takarda, a ajiye tsinken ashana a gefenta don a san tsawonta. A fita inuwa mai haske, ba tsakar rana ba. A dafa gwiwar hannu a ƙasa, a riƙe wayar a kwance daidai da bayan tsutsar yadda kai da wutsiya za su yi nisa ɗaya da gilashin. Sannan a ɗauki hoto biyu na musamman, ɗaya na kai, ɗaya na wutsiya, a aika su tare da hoton ganyen da ta ci.