Faɗuwar rana a Arshe

'Yan uwa, ku matso kusa, a ƙaro shayi, in ba ku labarin Arshe. Wallahi wurin nan ya shiga raina.

Yana cikin duwatsun Ennedi ne, arewa maso gabashin Chadi, kusa da garin Fada. Daga Njamena sai mota mai ƙarfi, a bi ta Abeshe da Kalait, sannan a faɗa cikin rairayi. Hanyar akwai wuya, ba zan ɓoye muku ba, amma kwalliya tana biyan kuɗin sabulu.

Arshe kwazazzabo ne mai zurfi, jajayen duwatsu sun miƙe dama da hagu, a tsakiyarsu ruwa kwance wanda ba ya ƙafewa ko da rani. Nan makiyayan Goran suke koro raƙuma garke-garke, kukansu yana amsa kuwwa a jikin dutse. Ruwan ya yi baƙi ƙirin saboda kashin raƙuman, kuma a cikinsa akwai kadoji. Eh, kada a tsakiyar Sahara! Ragowar zamanin da ƙasar take da koguna da ciyawa ne, shekaru dubbai da suka wuce. Zanen shanun da mutanen dā suka bari a kogwannin yankin shaida ne. Abin da ya sa UNESCO ta sa Ennedi cikin wuraren tarihi na duniya a 2016 ke nan. Kadojin kuwa 'yan ƙalilan suka rage, abin yana damuna ƙwarai.

Da muka je, bayan la'asar ɗan jagoranmu ya hau da mu saman dutsen. Ku ji ikon Allah: inuwa ta fara tasowa daga ƙasan kwazazzabon tana cin bangon a hankali, sama kuma ta yi jawur kamar garwashi. Raƙuman da suka sha suka ƙoshi suna fita a jere, yaran makiyaya suna binsu da sanda. Kafin mu idar da magariba sanyi ya sauko, kowa ya nemi bargonsa.

In za ku je, ku bari sai lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ku ɗauki ɗan gari ya yi muku jagora, ku nemi izinin makiyayi kafin ku ɗauke shi hoto, kada ku yar da leda ko ɗaya, domin ruwan nan shi ne rayuwarsu. Ku fara adashi tun yanzu, in Allah ya kai mu hunturu tare za mu tafi.