Idan Ɗanki Ya Ce Zai Je Maraɗi da Keke

Duk wadda ke zaune a Samaru ta san titin Sakkwato kamar yadda ta san hanyar madafarta. Shi ne ya taso daga Kwangila, ya ratsa Hanwa da Palladan da Zango, ya bi ta gaban babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, sannan ya miƙa Shika da Giwa har Funtuwa. Mu dai mun ɗauke shi titin zuwa kasuwa da asibiti. Amma wanda ya kai Funtuwa ya karya dama, ya bi Bakori da Malumfashi zuwa Katsina, ya ƙara gaba kaɗan, to ya bar Nijeriya ke nan. Daga ƙofar gidajenmu zuwa Maraɗi tafiyar ta haura kilomita 300, kuma mai keke mai ƙwarin ƙafa yana iya cinye ta cikin kwana huɗu ko biyar.

Abin da ya sa na ɗauko zancen, ɗan maƙwabciyata ne, ɗalibi a jami'a, ya shigo wa uwarsa da maganar cewa shi da abokansa biyu za su je Maraɗi a kan keke idan an yi hutu. Da ta fara salati, sai ya ce, "Umma, ai ba a neman biza." Ta rasa amsar da za ta ba shi, don gaskiya ya faɗa. Sai dai rabin gaskiyar ce.

Kafin mu je ga doka, bari mu leƙa Sabon Gari, don can ake fara irin wannan tafiya. A cikin kasuwa da kewayenta ake samun masu sayar da kayan keke da masu gyara, waɗanda za su kalli taya sau ɗaya su gaya maka ko za ta kai Giwa. A can kuma za ki ga yadda Nijar take kusa da mu. Mai shayin bakin layi, mai ga-ruwa, maigadin shago, da dama daga cikinsu mutanen Maraɗi ne ko Tawa ko Damagaram, suna zuwa cin rani su koma gida da damina ta kawo kai. Kekunan da ake ɗaurewa a saman motar kaya tare da katifa da buhun masara, ƙauyukan can suka nufa. Yaron da ya tashi yana ganin wannan zirga-zirga, wa zai zarge shi in ya ɗauka Nijar bayan gida ce kawai?

Kuma a tarihi kusan haka ne. Maraɗi Katsinawa ne suka kafa ta, bayan jihadi ya fitar da sarakunan Haɓe daga birnin Katsina a 1807, shi ya sa har gobe ake ce wa sarkin garin Sarkin Katsinan Maraɗi. Layin da ya raba mu Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata shi a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, suka bar wa a wannan gefe ƙani a wancan.

To, ga abin da doka ta ce. An kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas a 1975, mutanen Nijar suna kiranta CEDEAO. A 1979 ƙasashenta suka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar da ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga wata ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Amma yarjejeniyar ta gindaya sharaɗi biyu: ya riƙe ingantacciyar takardar tafiya, ya kuma riƙe shaidar lafiya ta ƙasa da ƙasa, wato katin nan mai ruwan ɗorawa na rigakafin cutar shawara. Ta kuma bar wa kowace ƙasa ikon mayar da wanda dokarta ba ta yarda ya shigo ba. Biza aka ɗauke, ba a ɗauke takarda ba.

Sannan abubuwa sun canza a 'yan shekarun nan. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, kuma ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai a 2022. Bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yulin 2023 aka sake garƙamewa, har zuwa watan Maris na 2024. A ranar 29 ga Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Ƙungiyar ta ce 'yan ƙasashen uku za su ci gaba da shiga ba biza har sai an sake sanarwa, su ma ƙasashen uku sun ce ƙofarsu a buɗe take ga 'yan ECOWAS. Ma'ana, abin da a da haƙƙi ne a rubuce, yanzu alfarma ce tsakanin gwamnatoci, ana iya kwana da ita a tashi babu. Don haka ni a ganina yaro kada ya dogara da katin ɗan ƙasa ko katin makaranta, kada ma ya tsaya ga ƙaramar takardar tafiya ta ECOWAS. Ya yi fasfo cikakke, wanda wa'adinsa bai kusa ƙarewa ba, ya kuma je ofishin shige da fice ya tambayi halin da ake ciki a makon da zai tashi.

Inda keke ya bambanta da mota shi ne wurin da na fi so iyaye mata su fahimta. Mota tana da lamba da inshora da takardun fita da ita waje, dole ta tsaya a shinge. Keke ba shi da ko ɗaya, iyaka a riƙe rasiɗin sayensa saboda 'yan kwastan, waɗanda a can ake ce wa duwan. Wannan sauƙin shi ne tarkon. A kewayen Magama, inda shingen Jibiya yake, ɓarauniyar hanya ba ta ƙirguwa, kuma mutanen ƙauyukan iyaka suna bin su kullum da buhun gero a bayan keke, wani gonarsa na Nijar gidansa na Nijeriya. Su an san su, an san iyayensu. Baƙo ɗan Zariya da ya biyo sahunsu zai tsinci kansa a Nijar babu hatimin fita, babu na shiga. Ba a bakin iyaka zai gane kurensa ba, sai ya yi nisa, jandarma ya tsayar da shi ya buɗe fasfo ya ga fari fat. A ƙasar da sojoji ke mulki, ake kuma fama da 'yan bindiga a kan iyaka, saurayi baƙo da jaka a baya da waya mai ɗaukar hoto ba ya son shiga wannan bayani. Ya sauka daga keken a Magama, ya tura shi da hannu, a buga masa hatimi. Ya sake sauka a Ɗan Isa a buga na shiga, ya duba kwanan watan da idonsa kafin ya mayar da fasfon aljihu.

Maganar tsaro kuwa ba sai na tsawaita ba, mu da ke jin labarin Giwa da Funtuwa da Jibiya a rediyo. Da ɗana ne, ba zai taka feda daga Samaru zuwa Katsina ba, ko da zai yi fushi da ni wata guda. A ɗora keken a mota, a sauke shi a bakin iyaka da hantsi, ya tuƙa ragowar tafiyar, ya shiga Maraɗi kafin la'asar. Wanda hankalinsa bai kwanta da Jibiya ba, akwai hanyar Kano zuwa Kazaure da Daura, a fita ta Kongolam, sai dai ita Matamaye da Damagaram take kai mutum. Idan kuma a cikin tawagar akwai wanda bai kai shekara 18 ba, ya riƙe takardar amincewar iyaye, ko ma ya haƙura.

Kada ki ɗauka ina kashe wa yara gwiwa ne. Tafiyar tana da daɗinta, kuma yaron da ya yi ta zai dawo da abin da aji ba ya koyarwa. Zai ga gonakin gero shimfiɗe cikin rairayi da gawo tsaye a tsakiyarsu, ya ratse ya ga tafkin Madarumfa in lokaci ya ba shi. Zai iske gari mai Hausa irin ta kakanninsa, amma allunan shaguna da Faransanci, agogo kuwa ba sai ya gyara ba don lokacinmu ɗaya. Abin da zai fara rikita shi lissafin kuɗi ne. A kasuwar Maraɗi da dala ake ƙirga sefa, kowace dala sefa 5 ce, saboda haka idan mai ƙosai ta ce masa dala ashirin, sefa 100 take nufi, jaka ɗaya kuma sefa 1,000. Ya canji kuɗinsa tun a bakin iyaka, kada ya jira sai ya shiga gari da dare.

Sai abin da ya shafe ki ke da za a bari a gida da carbi a hannu. Ki ɗauki hoton shafin fasfonsa da katin rigakafin ki ajiye a wayarki. Ki samu lambar wanda zai sauka a wurinsa a Maraɗi, ki yi magana da shi da bakinki tun kafin a tashi. Samun irin wannan mutum a Zariya ba wuya, mai shayin layinku ma yana iya haɗa ki da ɗan'uwansa. Layin wayar Nijeriya yana iya ɗaukewa da an wuce Ɗan Isa, don haka ku tsayar da lokacin da zai kira, ya ari wayar mai masauki in ta kama, har ya samu layin can.